Mai Sassaƙa Harshen Saksafon na Burumburum

Duk wanda ya zauna a Burumburum ya san Malam Rufa'i, in ma bai san fuskarsa ba to ya san muryar ƙarfensa. Bayan la'asar, in ka bi hanyar fadama, za ka ji wani sauti yana fitowa daga wata 'yar bukka a tsakiyar gonar dawa. Wani lokaci ya yi ƙasa kamar kukan saniya, wani lokaci ya yi sama siriri, ya tsaya cak, ya sake dawowa. Baƙo yakan ja birki ya waiwaya. Ɗan gari kuwa ko ɗaga kai ba ya yi, sai dai ya ce, "Rufa'i ne yake gwaji."

Gajeren mutum ne mai farin gemu, manomi kamar kowa, mai dawa da masara da ɗan waken suya. Abin da ya raba shi da sa'o'insa shi ne tun yana saurayi ya tafi Kaduna, ya samu aiki a wata masaƙa. Masaƙar tana da 'yan badujala masu busa a ranakun taro, nan aka ɗora masa saksafon a wuya, nan kuma ya kamu da sonta har abin ya zame masa jiki. Da aka rufe masaƙar ya tattaro ya dawo gida da matarsa Laraba, da 'yarsu Rumaisa, da wani baƙin akwati da ba ya bari kowa ya ɗaga. Mutanen gari suka leƙa abin da ke ciki, suka raɗa masa suna algaitar Turawa, suka wuce harkokinsu. Shi ma bai taɓa busa wa kowa a biki ba. Garin malamai ne, ga shi furfura ta fara fito masa, sai ya mai da busarsa gona, inda ba mai ji sai dawa da zabi.

To, ita saksafon duk girmanta da ƙyallinta, ba ta magana sai da wani ɗan siririn kara da ake ɗaure mata a baki. Bai kai tsawon yatsa ba. Shi ne yake karkarwa in an hura, shi ne yake ba ta murya. Masu sana'ar suna ce masa rid, Rufa'i kuwa harshe yake kiransa. A Kaduna na kwali ake sayo musu daga waje, a cikin goma da ƙyar ka sami uku na kirki, shi ya sa tun a can ya koyi gyara su da aska. A Burumburum wa zai sayar maka da rid? Da nasa suka ƙare, sai ya hau babur ya nufi duwatsun Doguwa, ya sami wani rafi mai gora a gefensa, ya saro, ya ce bari ya gwada.

Gwajin nan shi ne ya zama sana'ar shekara ashirin.

Kowace kaka, in ruwa ya ɗauke, yakan je ya zaɓi gorar da ta yi damina uku, ya ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa ya saurara. Ya yanka ta gaɓa-gaɓa, ya ɗaure dami, ya kawo gida ya cusa a tsakanin azarar ɗakin girki, kusa da masarar iri, don nan ne ƙwaro ba ya zuwa. Ba zai taɓa ta ba sai ta shekara biyu. Sannan ya sauko da ita, ya goge kunkunniya, ya tsaga kowace gaɓa gida huɗu. Ya shimfiɗa samfefa a kan wani ɓallin gilashin mota, ya yi ta goga cikin har ya kwanta sumul. Daga nan sai aikin aska, wanda in yana yinsa ko sallama ba ya amsawa da wuri. Ya kankare kaɗan, ya ɗaga wa rana. Abin da yake nema shi ne inuwa a tsakiya mai kauri, gefe biyu kuma haske iri ɗaya, kada dama ta fi hagu ko da gashin kai. In harshe ya yi kauri, sai ka yi ta hura kamar za ka fasa jijiyar wuya, muryar ta fito a shaƙe. In ya yi siriri da yawa, zai yi daɗin busa, amma da ka hau sama sai muryar ta zame ta faɗo ƙasa da inda ya kamata. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan wuri ƙanƙani, nan Rufa'i yake da zama.

Kowane harshe sai ya jiƙa shi a kofin silba, ya kai shi gona ya busa, ya karkata bakin dama ya ji, ya karkata hagu ya ji, ya sa masa ɗigon fensir. Mai ɗigo uku shi ne ya ci jarrabawa. Kuma fa ba ya ƙasa a gwiwa wajen yabon kansa. In an ce masa gorar Doguwa ce mai kyau, sai ya taɓa kunnensa ya ce, "Gora ai ta kowa ce. Wannan ne babu a kasuwa."

Laraba takan ji wannan maganar ta yi murmushi kawai. Mace ce marar yawan surutu, mai daddawa da sunanta ya kai har Tudun Wada. Duk mako sai ta ɗora kalwa a babbar tukunya, ta wuni tana iza mata wuta, ban da girkin gida safe da rana da yamma. Sai da tari ya kama ta, ya ƙi sakinta har aka kwantar da ita a asibiti, sannan Rumaisa, wadda yanzu take koyarwa a Kiru, ta zo da murhun gas a bayan mota. Ta kafa shi a rumfar tsakar gida, ta rufe ɗakin girki, ta ce, "Inna, daddawa ta ƙare. Wanda yake so ya je kasuwa." Tarin ya yi sauƙi, kowa ya yi hamdala, har da Rufa'i, wanda ya ci gaba da cusa gorarsa a azarar nan kamar kullum.

Babban mai karɓar harsunansa shi ne Ismail. A Kaduna Ismail yana ƙasa da shi a badujala, yanzu kuwa ya zama babban mutum mai tawagar makaɗa a Kano, kuma ta hannunsa masu busa na Zariya da Jos suka san aikin Burumburum. Shekara da shekaru saƙo kawai yake aikowa. Saboda haka ranar da motarsa ta tsaya a ƙofar gida da hantsi, a tsakiyar damina, Rufa'i ya san ba lafiya ba.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwan bana da yabanya. Ismail ya sha fura, ya yi ta juya ludayi a cikin ƙwarya. Can ya zaro wani ɗan ƙunshi daga aljihu ya ajiye.

"Baba, wallahi nauyin maganar nake ji."

"Faɗi abinka, Sama'ila."

"Na bana ba sa riƙe murya. Ranar farko lafiya lau, kamar yadda aka saba. Kwana uku sai su yi laushi, su kumbura. Ana tsakiyar kiɗa in na hau sama sai in ji na bar sauran a baya. Satin da ya wuce mai jita har waiwayowa ya yi ya harare ni."

Rufa'i ya ce, "Ko dai bakinka ne ya tsufa?"

Ismail bai yi musu ba. Ya ɗauko tasa saksafon daga mota, ya ɗaura ɗaya daga cikin harsunan, ya ajiye wayarsa a kan tabarma. A fuskar wayar akwai wata allura mai nuna ko murya ta zauna daidai. Ya busa ƙasa, allura ta tsaya tsakiya. Ya hau sama, allura ta kwanta hagu kamar mai jin barci. Rufa'i bai ko kalli wayar ba, ya raina ta tun ranar da ya fara ganinta. Ba ya bukatarta. Ya ji da kunnensa, kuma ga ɗigo uku na fensirinsa a jikin harshen.

"Bayan kaka bukukuwa za su taso," in ji Ismail a hankali. "Yarana sun matsa mini mu koma na roba. Ba su da daɗi, amma yadda suke yau haka suke gobe. Na ce su dakata tukuna, sai na zo na gan ka."

"Ka kyauta. Ka ba ni wata guda."

Da motar ta tafi, Rufa'i ya daɗe zaune a zaure. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Rafin dai shi ne, gorar ita ce, askar ita ce, shekara biyun ba ta ragu da kwana ɗaya ba. Me ya rage ke nan? Shi. Ya tuna abokan aikinsa na masaƙa, waɗanda ƙarar injina ta cinye musu kunne a hankali, har sai da aka koma yi musu magana da hannu, su kuwa suna rantsuwa lafiyarsu ƙalau, mutane ne suka daina ɗaga murya. Wataƙila shi ma tasa ta zo. Wataƙila tun a gwajin farko akwai wata alama da kunnen dā zai kama, na yanzu ya bari ta wuce.

Bai gaya wa kowa ba, amma ya shiga yi wa kansa jarrabawa a ɓoye, abin dariya abin tausayi. Ya tsaya a ƙarshen gona ya ga ko zai jiyo kiran sallar masallacin kasuwa. Ya toshe kunne ɗaya ya saurari kukan zabi, ya toshe ɗayan. Ya rage muryar rediyo har sai da Laraba ta ce, "Malam, in ba ka son labaran ka kashe mana." Duk yana ji, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. A ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci: zai sassaƙa goma sha biyu, ya busa su kwana uku. In suka zube, ya naɗe askarsa, ya bar wa na roba fili.

Bai taɓa yin aiki da natsuwa irin ta wannan karon ba. Ya bar musu kauri fiye da kullum, ya goge bayansu da cokali har suka yi santsi don kada su sha ruwa. Ranar farko suka yi magana tangaran, har ya ji daɗi ya dawo gida yana tsokanar awaki. Rana ta biyu huɗu suka yi laushi. Rana ta uku da safe ya zauna a bukkar gona ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya hau sama da kowanne, kowanne ya zame. Na goma sha biyun ma da ya kwantar da shi a kan gilashi sai ya ga bayansa ya yi tozo, yana lilo.

Ya goge askar da gefen rigarsa, ya naɗe ta a tsumma. Ba zai ɓoye ba, ƙwalla ta taru masa. Ya buɗe ɗan aljihun da ke cikin baƙin akwatin don ya ajiye ta, sai yatsansa ya taɓo wata takarda a naɗe can ƙasa. Wani tsohon harshe ne, na wajen shekara biyar, wanda ya gwada ya manta da shi. Ba da wata niyya ba, sabo ne kawai, ya jefa shi a baki don ya jiƙa.

Sai ya tsaya.

Ɗaci ya ji, da ɗan bauri, da ƙaurin itacen da ya ci wuta, can ƙarƙashi kuma wani abu kamar kalwa. Ya san wannan ɗanɗanon sarai, shekara ashirin yana bakinsa, har ya daina lura da shi. Ya ciro shi ya sa na bana. Lami, kamar ka tsotsi tsinken tsintsiya. Ya ɗaga su biyun wa rana: tsohon ya yi ja kamar zuma, sabon fari fat. Ya ɗaura tsohon ya busa, ya hau sama har ƙarshen abin da ƙarfen yake iyawa, muryar ta tsaya ƙyam ba ta motsa ba.

Bai tsaya rufe akwatin da kyau ba ya kamo hanyar gida. Ya wuce Laraba tana tsince shinkafa a rumfa, ya ture ƙyauren ɗakin girki. Bangon nan baƙi ƙirin kamar kullum, shi ya sa ido bai taɓa gaya masa komai ba. Amma ɗakin sanyi ƙalau, yana warin damshi, ga yanar gizo ta haɗe duwatsun murhu. Ya lissafa da yatsa. Gas ya shigo gidan nan damina uku da suka wuce. Gorar da ya sassaƙa bana ita ce ta farko da ta yi zamanta kaf a ɗakin da ba a hura wuta.

Ya fito ya tsuguna a gaban matarsa, abin da bai saba yi ba.

"Laraba, ashe hayaƙi ne."

Ba ta ɗago daga faifanta ba. "Hayaƙi da tururin tukunya, Malam. Dammunan gorarka su yi zafi su huce, su yi zafi su huce. Kuma duk Juma'a in na yi shara nakan juya maka su, don na ga gefen da ke kallon murhu ya fi saurin yin ja."

"Kina juya su? Tun yaushe?"

"Tun damin farko."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ba ka taɓa tambaya ba. Ni kuma na ɗauka ka sani."

"To da kika ga ina ta fama wata guda, ina toshe kunne kamar wani taɓaɓɓe?"

Nan ta ajiye faifan. Ta ce, "Na yi zargin hakan tun ranar da Sama'ila ya zo. Na yi shiru ne don na san in ka ce in koma, ba zan iya ce maka a'a ba." Ta ɗan nisa. "Amma na ga yadda ka rame. In ranar kalwa ce kawai, sau ɗaya a mako, zan iya. Ba sai Rumaisa ta ji ba."

Gaskiya ɗaya ce, kuma Rufa'i da kansa ba ya musunta: sai da zuciyarsa ta yi tsalle. Na ɗan lokaci kaɗan ya so ya ce to. Kunnensa lafiya, hannunsa lafiya, ga magani a gabansa an miƙo masa. Sai kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo.

"Ko ƙofar ɗakin nan ba za ki ƙara taka ba," in ji shi. "Ni zan hura."

Laraba ta dube shi, dariya ta ƙwace mata. "Kai? Wuta fa ba a kunna ta a tafi. Ka bar ta ta ci da yawa, gorar ta tsage, ko ta lashe azara. Sai an zauna da ita."

"Sai in zauna. Ki dai gaya mini yadda ake yi."

A ranar ya kira Ismail ya faɗa masa komai, bai rage ba. Ya ce su yi bukukuwan bana da na baɗi da na roba, kada su jira shi, amma in Allah ya kai rai, kaka ta uku ya turo mota. Ismail ya ce, "Baba, a gaida Inna. A ce mata duk mun gode."

Asabar da hantsi aka jiƙa kalwa, Rufa'i ya tuɓe babbar riga, ya jera itace yadda aka nuna masa. Laraba ta sa kujerarta can nesa a gindin bishiyar darbejiya, inda iska ba ta kaɗo hayaƙi, tana ba da umarni. Wutar ta kama. Ya tsaya a kan tukunyar yana juyawa da ƙarfinsa, yana jin kansa gwani. Ko tafasar farko ba a kai ba ya faɗo waje a guje, idanu jajur, hawaye da majina sun haɗe, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Ya dafa bango ya daɗe kafin numfashi ya dawo masa.

"Haka kike sha?" ya tambaye ta da ƙyar. "Wuni guda?"

"Ai kai ne ka tsaya a tsaye," in ji Laraba. "Hayaƙi sama yake bi. Durƙusawa ake yi, ka sunkuyar da kai kusa da ƙasa, nan ne ake samun ɗan abin shaƙa."

Rufa'i ya dubi ƙofar ɗakin girkin. Sau dubu nawa ya leƙa ɗakin nan ya gan ta a durƙushe, goshinta kusa da toka, ya tambaye ta ko tuwo ya sauka, ya juya ya tafi? Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka haka mata suke son zama in suna girki.

Ya share idonsa da bayan hannu. Ya koma bakin ƙofar, ya sa gwiwa a ƙasa, ta yi ƙara, ya sa ɗayar. Ya sunkuyar da farin kansa ya shiga.